A fara sanin inda kowane yaro ya tsaya a lissafi

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan lissafi a makarantun firamaren ƙaramar hukumarmu. Shekara 26 na yi riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma har yau yaran unguwa na zuwa zaurena bayan La'asar da littattafansu.

Kwanakin baya wata yarinya 'yar aji biyar, mai tallan gyaɗa, ta zo. Na ce mata, in mutum ya sayi ta naira 350 ya ba ki 500, nawa ne canjinsa? Kafin in rufe baki ta ce 150. Sai na rubuta mata 52 a cire 17. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta rubuta 45. Biyu ta cire daga bakwai, domin ba a taɓa nuna mata ma'anar aro ba. A makaranta kuwa, wannan makon kashi cikin ɗari ake koya musu, saboda nan manhaja ta iso. Malaminta ba rago ba ne, na san shi. Yara sun haura tamanin a ajinsa, kuma in sufeto ya zo, rajista da littafin shirin darasi yake dubawa. Ni dai a tsawon aikina ban ga wanda ya kira yaro ya ba shi lissafi ɗaya ya gani ko zai iya ba.

Tsinken tsintsiya na sa ta karya, muka ɗaure goma-goma. Ɗauri biyar da tsinke biyu, 52 ke nan. Na ce ta ba ni bakwai. Ta ga biyu ba za su isa ba, da kanta ta kwance ɗauri ɗaya. Wannan kwancewar ita ce aron. A kwana na uku ta rubuta 35 ba tare da tsinke ba, kuma wallahi farin cikin da na gani a fuskarta ya fi mini kuɗin fansho daɗi.

Wannan ba dabarata ba ce ni kaɗai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana koyar da yara daidai matakin da suke, ba daidai ajinsu ba. A nan Kano ma, a 2019 an fara shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a Dawakin Tofa da Wudil don 'yan aji huɗu zuwa shida a kan wannan tsari, har ya koma ta rediyo da korona ta rufe makarantu a 2020. Ƙananan hukumomi biyu ke nan, alhali jiharmu tana da 44.

Roƙona ga Sakataren Iliminmu shi ne, a makon farko na zango a gwada kowane yaro shi kaɗai, baki da baki: ya san lambobi? Ya iya tarawa da ɗebewa? Ya kai ga sau da rabawa? Sai a raba su rukuni-rukuni, a ware awa ɗaya kullum, a koyar da Hausa, da tsinke da duwatsu da murafun kwalba. Ƙarshen zango a sake gwaji, a karanta sakamakon a gaban iyaye da kwamitin makaranta.

Amma a yi shi a duk makarantun ƙaramar hukumar lokaci guda. Na ga hedimasta mai himma ya gyara makarantarsa, aka yi masa canjin wurin aiki, cikin shekara ɗaya komai ya koma 'yar gidan jiya. Ga shi ƙaramar sakandare ɗaya daga firamare da yawa take karɓar ɗalibai, malamin can bai san wa zai kama ba, wa zai bari. Kowane wata hedimastocin shiyya su zauna da alƙaluman gwajin, a ga makarantar da ke baya a kai mata ɗauki.

In ƙarancin ma'aikata ne zai hana gwajin, mu tsofaffin malamai muna nan. A unguwarmu kaɗai mu biyar ne, na kuma tuntuɓe su, duk sun amince su ba da safiyar mako guda kyauta.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Jihar Kano