Tsofaffin tankunan ruwan reluwe ma tarihi ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman fili in yi tsokaci a kan rahoton da kuka kawo na wani ƙaramin gari a Amurka, inda mutane suka hana a rushe tsohon tankin ruwansu na katako domin sun ce yana cikin tarihin garin. A majalisar da nake zama bayan La'asar a nan Tudun Wada, dariya aka yi wa labarin, har wani dattijo ya ce wanda ya ƙoshi ne ke da sukunin yi wa tanki kuka. Ni ban yi dariya ba, saboda mahaifina ya yi aikin reluwe a zamanin da jirgi ke cin kwal yana shan ruwa, kuma a inuwar irin wannan tanki na yi wasan ƙasa.

Tankin katako abu ne mai ban sha'awa ga duk wanda ya san itace. Ana jera falankai a tsaye su zagaye kamar ganga, ba ƙusa ba gam, sai a ɗaure su da ɗamarar ƙarfe daga ƙasa zuwa sama, ɗamarar ta fi yawa a gindi inda nauyin ruwa ya fi dannawa. Ranar da aka fara zuba ruwa yoyo yake yi ta ko'ina, sai itacen ya sha ya kumbura, falankan su matse juna, yoyon ya tsaya da kansa. Saboda haka irin wannan tanki rashin ruwa ne ajalinsa, kamar kwalekwalen da aka jawo tudu aka manta da shi. Har yau dubban gine-gine a birnin New York da irinsa suke shan ruwa, ana tura ruwan zuwa saman gini da inji, ya sauko wa mazauna bene da nauyin kansa. A ƙasarmu kuwa, inda gara ba ta barin katako kuma hunturu ke tsaga turmi, sai azarar giginya ce ke daɗewa, ita kuma ba a yin ganga da ita. Waɗanda na buɗe ido na gani a tashoshinmu na ƙarfe ne, fallayen ƙarfe da aka haɗa da noti aka ɗora bisa dogayen ƙafafu. Kayan gini sun bambanta, amma aikin ɗaya ne, kuma tambayar da mutanen wancan gari suka yi wa kansu ta shafe mu.

Layin dogo da aka faro daga Baro a bakin Kwara ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911. Daga nan Zariya ta zama mararraba: ƙaramin layin Bauchi ya tashi daga Zariya ya haura zuwa Jos da Bukuru domin kwaso kuza, wani kuma ya yi arewa maso yamma ta Funtuwa da Gusau har ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Auduga da gyaɗa da fatu da kiraga duk ta nan suka bi zuwa bakin teku. Sabon Gari da muke alfahari da kasuwarsa a gefen tasha ya tsiro, da ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgi ya kawo daga kudu. To, kan jirgin wancan zamani tukunya ce babba a kan ƙafafun ƙarfe; ana hura kwal ɗin da aka haƙo a Inugu, ruwa ya tafasa, tururi ya tura shi gaba. In ruwa ya ƙare, ko taragu nawa yake ja, tsayawa zai yi. Don haka duk inda aka kafa tasha sai an fara duba rafi ko rijiya, a kafa injin turo ruwa, a ɗaga tanki sama. A ƙasar da ake yin wata shida ko bakwai ba a ga ɗigon ruwan sama ba, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Ina iya tuna yadda ake shayar da jirgi a wata ƙaramar tasha da aka taɓa tura mahaifina. Jirgi zai tsaya yana huci, fayaman, wato mai hura wutar jirgi, ya hau bayan kan jirgin da tsumma a wuya, fuskarsa baƙi ƙirin da ƙurar kwal, ya jawo wani ƙaton bututu mai lilo ya saita shi a bakin ma'ajiyar ruwa, sannan a murɗa. Ƙarar zubar ruwan har cikin gidajen ma'aikata ake jin ta. Abin da ya tsiyaya ƙasa bai taɓa zama asara ba: gindin tankin kullum a jiƙe yake ko da tsakiyar bazara, awaki na sha, mata na tara kwano, masu tallan rake da dafaffen ƙwai suna fakewa a inuwarsa kafin jirgi ya tashi. Shekarun baya na bi ta wurin na tarar da ginshiƙan siminti huɗu da guntayen noti. Wani yaro ya gaya mini 'yan gwangwan ne suka yanka shi da wuta, suka loda a mota. Ko hotonsa ba ni da shi.

Abin da nake son jawo hankali a kai shi ne yadda muka taƙaita tarihi a kan sarauta da yaƙi. In baƙo ya zo Zariya, muna kai shi ya ga abin da ya rage na ganuwa, da Ƙofar Doka, da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, kuma duk sun cancanci haka. Amma Zariyar da ke wajen ganuwa, wadda a cikinta da yawanmu muke kwana muke tashi, ita ma tana da mafari, kuma mafarin nata ƙarfe ne da tururi da ruwa. Wani zai ce ai kayan Turawan mulkin mallaka ne, me ya dame mu da su? Amsata ita ce Bature ya zana, amma kakanninmu ne suka sare dajin, suka ɗauki ƙasa a ka, da yawansu ta hannun hakimai da dagatai aka tattaro su ba da son ransu ba. Wanda yake son jikokinsa su san abin da ake nufi da aikin diga, ya fi masa sauƙi ya nuna musu abin da hannu zai taɓa.

Mun riga mun yi sakaci sau ɗaya. An rufe layin Bauchi a 1957 aka kwashe shi, kuma yau in ka gaya wa matashi cewa an taɓa hawa jirgi daga Zariya kai tsaye zuwa Jos, sai ya ɗauka tatsuniya kake yi masa. Da zuwan jiragen dizal, waɗanda ba su buƙatar a shayar da su, tankunan suka zama marayu, tsatsa na ci daga sama, masu neman ƙarfe na ci daga ƙasa.

Na san ƙorafin da zai biyo baya, domin ni ma daga hannun 'yan ga-ruwa nake sayen jarka. Za a ce mutanen da famfonsu ya bushe ba tankin da babu ruwa suke nema ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a ɗebi kuɗin ruwan sha a kai wa tsohon ƙarfe ba. Abin da ake buƙata kaɗan ne: a bi tashoshin da ke kan layukan nan a ƙirga abin da ya rage, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta abin da ke jikin ƙarfen, sannan a zaɓi ɗaya ko biyu mafi lafiya a kankare tsatsa a shafa fenti, a kafa allo da Hausa da Turanci. Muna da abin koyi a kusa. Gadar Gwamna Lugga da aka gina a Zungeru a 1904 ƙarfe ce ita ma, aka ɗauko ta zuwa Kaduna, tana nan a lambun Gamji cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. A Ebute Metta ta Legas kuma an gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe aka mai da shi gidan tarihi.

Ina roƙon Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Hukumar Jiragen Ƙasa su haɗa kai a kan wannan, kuma sassan tarihi da na zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello su tura ɗalibai, tunda daga Samaru zuwa tasha ba nisa. Ku ma, Malam Edita, ku aiko wakilinku da na'urar ɗaukar murya. Akwai sauran tsofaffin direbobi da fayaman a Sabon Gari da Tudun Wada, 'yan kaɗan ne, ƙaraminsu ya haura tamanin, kuma in ya zo ni zan raka shi gida-gida.

Wassalam.

Naka mai sauraro a kullum,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.