Gaisuwar Sallah daga Delhi

Assalamu alaikum Inna,

Barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ya ƙafar taki, da sauƙi dai ko? Mun yi Idi a Jama Masjid, jama'a ba masaka tsinke. Da muka dawo maƙwabta suka aiko mana da sewai, wata siririyar taliya da ake dafawa da madara da sukari. Akwai daɗi, amma raina yana kan tuwon shinkafarki da miyar taushe.

Akwai labarin da na ƙi ba ki a waya don kada hankalinki ya tashi. Kafin azumi na raka abokin aikina, ɗan Sri Lanka, zuwa Bodh Gaya a jihar Bihar. Mabiyin Buddha ne, kuma ba su da wurin ziyara da ya fi nan daraja. Kwana muka yi a jirgin ƙasa zuwa Gaya, a-daidaita-sahu ta ƙarasa da mu. Inna, ban rusuna wa komai ba. Da azahar ta yi, masallacin garin na nema na yi sallata.

A bakin ƙofa aka karɓe mana waya, muka tuɓe takalma. Wurin bautar, Mahabodhi, ginin tubali ne mai tsini, tsayinsa ya haura mita 50. Sarki Ashoka ne ya fara gini a wurin tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A bayan ginin akwai wata bishiya da suke girmamawa, dangin cediya, kowane ganye da ɗan wutsiya a bakinsa. Na daɗe ina kallon wata tsohuwa 'yar Tibet: ta miƙe, ta kwanta rub da ciki a kan wani katako, ta sake miƙewa, ba hutawa. Inda tafin hannunta ke gogawa katakon har sheƙi yake. Ta yi sa'arki, Inna.

A inuwar nan abokina ya ba ni labarin yadda suke riƙe da shi. Siddhartha ɗan sarki ne da aka ɓoye wa wahalar duniya, har ranar da ya fita ya ga tsoho, ya ga majinyaci, ya ga gawa. Yana da shekara 29 ya sulale cikin dare, ya bar matarsa da jaririnsa Rahula. Shekara 6 yana horar da kansa da yunwa, har wata mata mai suna Sujata ta ba shi shinkafa da madara, ya ci, ya zo ya zauna a gindin bishiya. Nan suka ce ya farka, ma'anar Buddha ke nan. Abin da ya gano, in ji su, tushen wahalar ɗan Adam ƙishirwar zuciya ce, wadda ba ta jin ta ƙoshi.

Aƙidarsu daban, tamu daban, alhamdulillahi. Amma maganar jaririn nan ta tsaya mini a rai. Ni ma da asuba na fita, Abba yana wata 4, yana barci a bayan uwarsa. Shi dukiya ya gudar wa, ni nemanta na fito. Na ce miki shekara 2 zan yi in haɗa kuɗin shago. Da suka haɗu na ce sai fili, da aka sayi fili na ce sai gini. Ga shi na shiga ta 5, yaro a waya kawai ya san fuskata. Marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa mana cewa wadata ta zuci ce. A lokacin ji kawai nake yi. A goman ƙarshe kuwa kusan kullum da ita nake tashi tahajjud.

Na gaya wa maigidana ba zan sabunta kwantiragi ba idan ya ƙare. Ginin ma ƙarasa shi a hankali ina gida. Maman Abba ba ta sani ba tukuna, na fi so ta ji daga bakinki.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya, a ciki akwai na maganinki da barka da Sallar yara. A gaishe da Gwaggo da mutanen gida duka. Ki sa mini albarka.

Naki,
Auta