Barka da Sallah daga bakin teku

Assalamu alaikum Inna,

Barka da Sallah, barka da shan ruwa. Allah ya karɓi ibadunmu, ya sa muna cikin 'yantattun bayi, ya maimaita mana. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar taki? Mun sauko daga Idi ɗazu. A nan Southampton cikin masallaci aka yi saboda yayyafi da sanyi, sahu har bakin ƙofa. Goron Sallar yara yana hannun Yaya tun shekaranjiya.

Yaya ya gaya mini hoton da na turo ina cikin jirgin ruwa ya hana ki barci, har kin ce me ɗanki yake nema a teku cikin hunturu, kuma da azumi a bakinsa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, Auta ta karanta miki a tsanake.

Jirgin na wani dattijo ne da muka yi aiki tare kafin ya yi ritaya. Ƙarami ne, iska ke tura shi. Akwai doguwar sanda a tsakiyarsa da manyan ƙyallaye biyu da muke ɗagawa da igiya, injinsa kuwa sai wajen fita da shigowa ake tayarwa. Yana kwana a kogin Hamble, daga nan muke gangarawa mashigin Solent, ruwan da ya raba babban yankin Ingila da tsibirin Wight. Tsibirin nan shi ke tare mana manyan igiyoyin teku, kuma duk inda muka juya muna hangen tudu.

Da Oktoba ta yi, yawancin masu jirage kan sa a ciro nasu da ƙugiya a jingine a tudu, a lulluɓe sai bazara. Wasu kuma ba sa yarda. Ana yin tseren hunturu a Hamble daga Oktoba zuwa wajen Disamba, a watan nan na Maris kuma tseren Warsash, wani ƙauye a bakin kogin, ke farawa. A tsakani ruwan kan koma na mutane ƙalilan, kuma cikinsu muke.

Inna, abin da ya fi wahalar da baƙo a ƙasar nan duhu ne. A Disamba ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Na fita aiki da duhu, na dawo da duhu, maƙwabci ya rufe ƙofarsa, babu dandali, babu zaure, babu mai leƙowa ya ce ina kwana. Na ga yadda wannan zama yake cin 'yan'uwanmu a hankali, mutum ya daina fara'a, ya daina ɗaga waya. Ni ranar hutu da na hau ruwan nan nake samun kaina. Da an kashe inji, ƙyalle ya cika da iska, jirgi ya ɗan kishingiɗa ya kama tafiya, ba a jin komai sai ruwa yana tsagewa a gaba. A bakin laka ga garken dinya baƙaƙe da suke tasowa tun daga Siberiya su yi hunturu a nan. Can nesa manyan jiragen kwantena suna shiga tashar Southampton, mu kauce musu tun da wuri don hanyar tasu ce. A cikin jirgi kuwa dole a yi magana, dole a kama wa juna, wannan ya ja igiya wancan ya saki. Abokan da na yi a ƙasar nan, a nan na yi su.

Ba zan ɓoye miki ba, ruwan yana da haɗari, kuma a wannan lokaci ya fi sanyi. Teku ba ta saurin hucewa, don haka sanyinta ya fi tsanani a Fabrairu da Maris, ƙasa da digiri 10. Wanda ya faɗa ba shiri, numfashi ne ke fara ƙwace masa kafin ma gajiya ta zo, ko da gwanin iyo ne. Ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa tun 1824 kuma yawancin masu fita cetonta 'yan sa-kai ne, tana koyar da cewa kada mutum ya yi kokawa da ruwa: ya kwanta rigingine, ya baje hannu da ƙafa, ya jira numfashinsa ya daidaita, sannan ya nemi taimako.

Saboda haka dattijon nan ba ya wasa. Tun da dare, ana gobe za a fita, ake sauraron hasashen yanayin teku a rediyon BBC, mu namu yankin Wight ake kiransa. In an ambaci iska mai ƙarfi, an fasa, babu musu. Ana duba jadawalin cika da janyewar teku, a tsara fita da dawowa kafin rana ta faɗi. Ba ya barin kowa ya taka jirgi sai da rigar kariya mai hana nutsewa a ɗaure, har da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu don kada ta zame ta kai. In ruwa ya ɗan tashi, kowa ya maƙala kansa da igiya a jikin jirgi. Akwai rediyon kiran agaji, tasha ta 16 a buɗe kullum. Kayan auduga ba a sa su a jiki don suna riƙe laima, sai ulu a ciki da rigar da ruwa ba ya ratsawa a waje. Wurin da ya fi ba shi tsoro ma katakon da ake takawa zuwa jirgi ne, don raɓa kan daskare a kansa da asuba ya yi santsi.

Azumi bai hana ni ba, kwanakin ba su da tsawo kuma ba ƙishi. Alwala tun daga gida nake yi. Azahar a ɗakin jirgi nake sallatarta, na duba kamfas na fuskanci kudu maso gabas, in jirgi na tangaɗi na yi a zaune. Abokan tafiya suna shan shayinsu, amma dattijon sai da ya tambayi lokacin buɗa baki, mako na gaba sai ga shi da ƙullin dabino a aljihu. Allah ya saka masa da shiriya.

Yanzu ga roƙona. Ku ma a bakin ruwa kuke a Yawuri, kuma ba wanda ya manta jirgin da ya nutse wajen Warra a watan Mayun 2021, da yawan rayukan da suka salwanta, akasari masu neman abinci. Duk ranar da na ɗaura rigar nan sai na tuna Kawu da su Auta suna tsallake kogin Neja ranar kasuwa, jirgi maƙil da mutane da buhuna da babura, ba mai komai a jikinsa. Na ƙara kuɗi a kan na Sallah, na ce Yaya ya sayi rigunan kariya na manya da na yara. Ki sa baki, Inna, maganarki suke ji. Su sa ko za a yi musu dariya, kada su hau jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima, kada su yi tafiyar dare. Marigayi Baba da ya fara sa ni a kwale-kwale haka yake, in ya dubi sama bai gamsu ba sai ya ce a koma gida. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ki sa ni a addu'a kamar kullum. A gaida Kawu da Gwaggo, da Yaya da iyalinsa, da liman da duk mutanen unguwa. Auta ta ɗauko mini hoton yara da kayan Sallarsu. Zan kira bayan isha'inku in an gama karɓar baƙi.

Wassalam,
Ɗanki