Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano Kan Malaman Da Ke Horar Da Muryar Yara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan wasu malamai da sunansu ba ya cikin kundin ma'aikatarka, ba su da albashi, amma babu Bakanon da bai taɓa jin aikinsu ba. Ina nufin masu horar da muryar yara a makarantun Islamiyya, waɗanda ke tsayawa gaban ayarin ɗalibai har muryoyinsu su haɗu su fita tare.

In watan Rabi'ul Awwal ya kama kowa na ganin abin. Yara sun sha anko suna ratsa lungunan cikin gari, ranar Takutaha jama'a sun yi dafifi wajen Dutsen Dala, mai bayarwa ya ja baiti, 'yan amshi su karɓe a tare ba wanda ya riga wani. Sai a yi ta sa wa yaran albarka. Da wuya ka ji an tambayi wanda ya zauna da su tun watan Muharram.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan malamai shi ya koyar da ni. Tela ne, da ɗinki yake ciyar da iyalinsa, bayan la'asar kuma ya rufe shago ya nufi makaranta. Ya fara ne yana yaro a matsayin ɗan amshi a bayan wani sha'iri na unguwarsu, kuma ya daɗe yana amshin kafin a yarje masa ya ja baiti ko da guda. Tun kafin a cire Jigawa daga Kano a 1991 yake koyarwa. Yau tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni, ɗinkin ma ya bar wa yaransa.

Abin da ya sani ilimi ne sosai, yallaɓai. Kafin ya saka yaro cikin ayari sai ya saurare shi shi kaɗai. Masu siririyar murya a gaba, masu kauri a baya, wanda kunnensa bai kama kari ba tukuna ya zaunar da shi tsakanin gwanaye biyu har ya kama. Yana koya mana jan numfashi daga ciki ba daga ƙirji ba, da sanin gaɓar da ake shaƙar iska don kada a tsinke kalma biyu. Ba ya yarda a gajarta wasali mai ja ko a karya sautin kalma don a biya wa kari buƙata, domin a Hausa hawa da saukar murya da tsawon wasali na iya sauya ma'ana ɗungurungum. Da tafin hannunsa yake ɗaga mu ya sauke mu, ya dunƙule shi mu tsaya cak. Abin da na fi girmama shi a kai shi ne yadda yake bi da yaron da ya fara balaga, muryarsa na fashewa. Wasu kan kori irin wannan yaro, wasu su tilasta masa hawa sama har ya ji wa maƙogwaronsa. Shi kuwa sai ya mayar da shi layin baya, ya ba shi amshi mai sauƙi, ya ce masa ya yi haƙuri, sabuwar murya na tafe. Da hunturu kuma, lokacin da ƙura ke busar da maƙoshi, yakan rage tsawon bita, ya hana ihu, ya sa a sha ruwan ɗumi. Ayarin 'yan mata ya damƙa shi ne ga wata tsohuwar ɗalibarsa da ya horar, ita ma yanzu ta yaye da yawa.

Duk wannan ba a rubuce yake ba. Ga shi kuma yaran yanzu a waya suke koyo, suna kwaikwayon muryar da kwamfuta ta gyara a situdiyo. A ba su makirfo su yi ta ƙwala ihu, kafin a tashi taro murya ta dushe.

A manhajar ilimin bai-ɗaya akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, kuma waƙa na cikinsa. A makarantun da na leƙa, ana rubuta shi ne a allo yara su kwafa. Malamin da ya riƙe takardar shaidar malanta ta NCE bai samu horon murya ba, wanda ya iya kuma ba shi da takardar da za a ɗauke shi aiki.

Na san akwai iyaye da malamai masu ƙyamar kiɗa, kuma ina girmama ra'ayinsu. Abin da nake magana a kai ba ya buƙatar ganga ko fiyano. Murya ce da numfashi da kunne. Yaron da ya samu wannan horo zai amfana da shi wajen kiran salla, da huɗuba, da karanta labarai a rediyo, har da tsayuwa gaban aji. Mun kuma ga abin da kulawa ke haifarwa. Karatun Alƙur'ani ba waƙa ba ne, ba na haɗa su, amma tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙa ta ƙasa a 1986, malaman tajwidi suka samu daraja da ɗalibai masu neman su. Maƙwabtanmu na majami'un Sabon Gari su ma suna da masu koyar da mawaƙansu, wasunsu har sun iya rubuta sauti a takarda, abin da ke sa karinsu ba ya ɓacewa in mai shi ya rasu.

Tun da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ina roƙon a sa waɗannan bayin Allah cikin lissafi. A fara da tantance su unguwa-unguwa ta hannun masu unguwanni da shugabannin Islamiyyu. Sannan ma'aikatarka ta haɗa kai da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a naɗi muryoyinsu da hotunansu suna tsaka da koyarwa, ba suna zaune ana yi musu tambayoyi kawai ba, domin ilimin a cikin bitar yake. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, na iya gayyatar su makarantun firamare ko da sau ɗaya a mako, a ba su alawus na mutunci. In kuma ka tuntuɓi takwaranka na ilimi mai zurfi, ana iya shirya gajeren kwas a makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, inda za su zauna da masu koyon aikin malanta.

Naɗar ita ce ta fi gaggawa, ranka ya daɗe, saboda mafi yawansu sun manyanta. Ina roƙon a fara ta kafin Mauludi mai zuwa, lokacin da bita ke kankama a makarantu.

Allah Ya yi maka jagora. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon ɗalibin Islamiyya, cikin birnin Kano