A Daina Rufe Fitilar Injin Mota Da Salatif

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu motoci da kanikawa game da fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin, wadda ke kunnuwa a gaban direba. A tsofaffin motocin da ke cike da titunanmu, irin su Corolla da Accord da Golf na Kwatano, sau da yawa za ka tarar an liƙe ta da baƙin salatif, ko ma an zare ƙwanta gaba ɗaya, musamman idan za a kai motar kasuwa. Mai saye na iya gane hakan cikin sauƙi: idan ya murɗa makulli bai tayar da injin ba, dole fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, to an taɓa ta.

Waɗannan motoci ba kamar Fijo 504 ba ne, wadda bakanike ke kasa kunne ya daidaita kafireto. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke gano matsala ta ajiye lambarta, a motocin da ake sayarwa a can, Turai kuma ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Saboda haka akwai soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta karanto lambar da kwamfutar motar ta ajiye.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake fassara wannan lamba. A ɗauki P0171, wadda ke yawan fitowa. Ma'anarta iska ta rinjayi fetur a cikin injin, kuma sensar da ke jikin salansa, wato 'yar na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi, ita ce ta kawo rahoton. Da yawa daga cikin masu gyara da zarar sun ga haka sai su ce a sayo sabuwar sensa, alhali ita shaida ce kawai, kamar maƙwabcin da ya ga hayaƙi ya yi kururuwa aka kama shi da laifin gobara. Asalin matsalar na iya zama tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska, ko famfon mai ya yi sanyi, ko nozul sun toshe da dattin man 'yan bumburutu, ko kuma ƙurar hunturu ta lulluɓe sensar auna iska da ke kusa da matatar iska, wadda sau da yawa fesa mata maganin wanki na musamman ya wadatar. Kafin a yanke wa sensar salansa hukunci, ya kamata a duba wayarta da soket ɗinta, domin zafin salansa da haƙoran ɓera sun lalata wayoyi ba adadi. Bayan haka a kalli karatunta injin na aiki ya ɗau zafi. Irin tsohuwar sensar nan tana kai da komo ne tsakanin kusan 0.1 da 0.9 na bolt, kuma idan ta tsaya cak a wuri ɗaya bayan an tabbatar babu yoyon iska, to a nan zargi ya hau kanta.

Wasu lambobin kuwa mu muke jawo su da hannunmu. An saba cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan injin, da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, sai injin ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, kwamfuta ta ci gaba da ƙara masa fetur, lamba P0128 ta bayyana. Haka nan idan aka fasa salansa aka kwashe matatar hayaƙin da ake kira indomi, P0420 za ta fito, kuma babu sabuwar sensar da za ta kawar da ita. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ina mamakin mai motar da yake kuka da tsadar fetur amma ya yarda a cire masa tamostat.

Goge lamba da na'ura, ko cire kan batir, ba gyara ba ne, domin fitilar za ta dawo bayan 'yar tafiya, kuɗin da aka biya kuma ya tafi a banza. Idan fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya a kunne, wannan alama ce cewa wani silinda ba ya ƙona mai, galibi saboda filogi ko koyil, kuma ɗanyen fetur ɗin da ke gangarawa salansa zai iya narkar da matatar hayaƙi, don haka a rage gudu a nemi gareji nan take.

Ina kira ga ƙungiyoyin kanikawa da su koya wa yaransu karanta bayanan na'ura injin na aiki, ba goge lamba kaɗai ba. Mai mota kuma ya nemi a rubuta masa lambar a takarda kafin a goge, idan kuma ta tabbata sensa ce ta mutu, ya tafi Panteka ko Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu, ya gwada lambar da ke jikinta da ta wadda zai saya.

Wassalam,
Wani mai karatunku, daga Kaduna.