Zuwa ga Abokan Cinikinmu Masu Tsofaffin Motocin Gudu: Batun Shokazoba Mai Lantarki

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne don mu sanar da ku yadda za mu riƙa karɓar aikin shokazoba mai lantarki daga yanzu, da dalilin da ya sa.

Buƙatar da aka fi zuwa mana da ita ita ce, "Ku ɗan saita min ita ta ƙara tauri." Sau da yawa idan muka duba sai mu tarar mai motar ya daɗe da mayar da maɓallin kan Sport ya bar shi a can, domin a saitin laushi motar tana lilo. To, wannan ba saiti ba ne, ɓoye ciwo ne. Shokazoba ba ita ke ɗauke da nauyin mota ba, aikin sifirin ne wannan. Nata aikin shi ne ta hana sifirin ci gaba da tsalle, ta hanyar matsa mai ya bi ta ƙananan kafofi a cikin bututunta. Abin da lantarkin ke yi kawai shi ne ya ƙuntata hanyar man ko ya buɗe ta, ko kuma ya sauya kaurin man. Idan sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya cinye, man ya tsiyaye, iskar naitirojin da ke danne shi ta fice, babu maɓallin da zai dawo da su.

Kuma shokazoba masu lantarki ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa muke fara tambayar ƙirar mota da shekararta kafin komai. Tsofaffin, irin TEMS da Toyota ta fito da shi a 1983 kuma ta sa wa Supra daga baya, ko FX3 na Corvette da ya zo a 1989, suna da ɗan ƙaramin inji a saman sandar shokazobar, shi ke juya bawul ɗin da ke ciki. PASM na Porsche, wanda ya shigo 911 a 2004, bawul ne da wuta ke sarrafawa kai tsaye. Sai MagneRide, da aka fara gani a Cadillac a 2002 sannan a Corvette a 2003. Wannan ba bawul mai motsi a cikinta ko ɗaya. Man da ke cikinta ne ke ɗauke da garin ƙarfe, da zarar wuta ta bi ta naɗin wayar da ke jikin fistin, sai maganaɗisu ya jera garin, man ya yi kauri nan take. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma garin nan yana cin sil a hankali, ga shi kuma ba kasafai ake samun mai iya buɗe ta ya gyara ba.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne fitilar gargaɗi. Kwamfutar motar wuta take gani, ba ta ganin mai. Shokazoba za ta iya bushewa ƙayau fitila ba ta kama ba, muddin wayarta na nan lafiya. Haka kuma fitila na iya kamawa alhali shokazobar garau take, laifin na soket ne da ya yi tsatsa, ko waya da ta goge ta tsinke, ko hannun na'urar auna tsayin mota da ya karye. A FX3 sau tari haƙoran ɗan injin nan na sama ne ke gutsirewa. Ba ma so mutum ya sayi guda huɗu sabbi fil a kan laifin soket ɗaya, kuma irin hakan na faruwa. Saboda haka ba za mu ƙara yanke wa kowa hukunci ta waya ba. Sai mun ɗaga motar, mun karanta abin da kwamfutarta ta ajiye, mun auna wayar kowace ƙafa, mun duba yoyo, sannan mun tuƙa ta a kowane saiti.

Gwajin nan na danna gefen mota da hannu a ga ko za ta yi lilo, ku manta da shi a kan irin waɗannan motoci. Sifirinsu ya yi tauri da yawa. Ku dai lura ko hancinta na nutsawa idan kun taka birki, ko bayanta na wutsilewa idan ta taka gargada a tsakiyar kwana, ko taya na cinyewa tudu da kwari. Ɗan danshin mai a jikin bututu ba abin tashin hankali ba ne. Mai da ya gangaro ya haɗe da ƙura, wannan kam ta gama.

Idan ta tabbata canji ne, biyu-biyu muke canzawa, na gaba tare ko na baya tare. Sabuwa a hagu da gajiyayya a dama ba za su amsa umarni ɗaya daidai ba, kuma a wurin birkin gaggawa ne bambancin ke fitowa. Mun kuma daina ɗaura ta hannu da aka ciro daga wata mota, tun da ba mu da hanyar sanin abin da ya rage a cikinta. Shokazoba ƙirar kamfanin Bilstein da yawa ana iya sabunta cikinsu, kuma ga motar da kayanta suka yi wuya wannan ita ce shawarar da muka fi bayarwa, sai dai a yi haƙuri da jira.

Akwai masu cewa a cire lantarkin gaba ɗaya a sa shokazoba ta gama-gari. Motarku ce, za mu yi, kuma ta gama-gari mai kyau ta fi mai lantarki da ta mutu nesa ba kusa ba. Amma dole a sa abin da zai gamsar da kwamfutar, in ba haka ba ta yi ta ƙorafi. Corvette ƙirar C5 har rubuta wa direba take kada ya wuce mil 80 a awa. Za mu rubuta canjin a takardar aiki, mu kuma mayar muku da tsofaffin kayan, don mai saye wata rana zai tambaya.

Masu son ɗaurawa da kansu, don Allah kada ku sa bindigar iska, wato injin ɗaure noti, a notin saman sandar. A da yawa daga cikinsu waya ta tsakiyar sandar take bi, idan sandar ta juya wayar ta murɗe, sabon abu ya lalace tun bai taɓa titi ba. Ku canza robobin sama da bushin a lokaci guda, kada kuma ku ƙarasa ɗaure kusoshin ƙasa sai nauyin motar ya sauka a kan tayoyinta. Bayan nan ku kawo ta mu daidaita ƙafafun, mu saita na'urar tsayi a motar da ke da ita, mu goge tsofaffin laifuffukan da ke kwamfutar.

Idan za ku zo, ku taho da lambar shasi da duk wata takardar aikin da aka taɓa yi wa ƙafafun motar, kuma ku bar mana ita ta wuni.

Naku,
Dukkanmu ma'aikatan gareji