Godiya ga iyalin wata gonar inabi a gefen Neustadt

Zuwa ga mai gonar inabin da ke wani ƙauye a gefen Neustadt, cikin yankin Pfalz na ƙasar Jamus, da uwargidansa, da 'yarsu mai kula da masu saye.

Bayan gaisuwa da fatan kun gama girbin bana lafiya, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a domin 'yan'uwana mazauna Mannheim da Ludwigshafen su san cewa akwai gidan da sana'arsa ita ce farar giyar inabi, amma Musulmi zai shiga ya faɗi abin da addininsa ya hana shi, a saurare shi da mutunci, a kuma gaya masa gaskiya.

Abin da ya kai ni wurinku walimar auren 'yata ce. Baƙinmu sun haɗa da Hausawa da maƙwabtanmu Jamusawa da abokan aikin ango, sai na yi niyyar ajiye musu abin sha mai daraja na wannan ƙasa wanda babu maye a cikinsa. Na sha wahala kafin in same ku. Na bi hanyar gonakin inabin nan da aka buɗe tun 1935, wadda tsawonta ya kai kusan kilomita 85, ina tsayawa a shaguna da rumfunan bakin titi. A wata rumfa an miƙo mini Federweisser, an ce in sha, ai ruwan inabi ne kawai, alhali kuwa ruwa ne da ya riga ya fara tsima, kuma mayensa ƙaruwa yake yi kullum a cikin kwalba. A wani babban shago mai sayarwa ya nuna mini rubutun “alkoholfrei”, wato babu barasa, ya juya ga wani, kamar tambayata ɓata masa lokaci ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu wanda ya ɗauka cewa wannan tambaya tana da nauyi a wurin mai yin ta.

'Yarku ce ta sauya mini wannan hali. Da na yi mata bayani, sai ta mayar da kwalbar da ta fara ɗaukowa, wadda kuma ta fi tsada, ta ce wannan giya ce da aka gama haɗawa sannan aka cire mata barasa, kuma doka ta yarda a bar ragowar da ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, don haka ba za ta ba ni ita a matsayin abin da na nema ba. Ta kawo ruwan farin inabinku nau'in Riesling da Müller-Thurgau, wanda ake matsewa a tace a dafa shi da zafi kafin ya fara tsima. Daga nan ta ɗago wata magana da ba a taɓa ambata mini a wani shago ba, wato cewa wasu masu sarrafa ruwan 'ya'yan itace suna tace shi da jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake samunsa. Ba ta tsaya a kan zato ba. Ta bar ni a kanti, ta je rumbun ƙasa ta tambayi mahaifinta, ta dawo da takardar aikin wannan shekarar ta nuna mini cewa da wata irin laka mai suna bentonit kuke tace naku. Yarinya ce sa'ar 'yata, amma ladabinta da riƙon amanarta na manya ne, kuma na san tarbiyyar gida ce.

Mai gida kuma ya zagaya da ni cikin gonar, ya nuna mini ciyayi da dangin wake da kuke shukawa a tsakanin layukan inabi domin ƙasa ta yi ƙarfi ba tare da takin zamani ba, kamar dai yadda manoman Zariya ke haɗa wake da dawa a kunya ɗaya. Ya ce maganin kashe ciyawa ba ya shiga gonarku, cutar fumfuna kuma da farar wuta da ɗan tagulla kuke yaƙarta, sannan sai da kuka yi shekara 3 a kan wannan tsari kafin a ba ku izinin liƙa koren ganyen nan na Tarayyar Turai, wato tambarin shaidar irin wannan noma, a kwalabenku. Ruwan inabin da na saya ya iso a kan lokaci, kuma ba a ƙara ko sisi a kan farashin da muka yi ba.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan gaskiya ta yi ƙaranci a kasuwa. Manyan kantuna sun cika da kwalabe masu hoton ganye da kalmomin yabon kai, amma ma'aikacin da ke tsaye a gabansu bai san abin da ke ciki ba, bai kuma damu ya sani ba. Ba Musulmi kaɗai wannan ke cutarwa ba, domin mace mai juna biyu da wanda ya daina shan giya da wanda ba ya cin nama duk amsa ta gaskiya suke bukata. A gida Najeriya ma ana jera kwalaben da aka shigo da su daga waje a wurin biki, ba tare da mai shagon da ya sayar da su ya iya faɗin yadda aka yi su ba.

Maƙwabtana Jamusawa sun yaba da ruwan inabin nan ƙwarai, wasu daga cikin Hausawa kuma sun roƙe ni in yi musu jagora zuwa wurinku kafin azumi. Ina roƙon Allah ya yi wa gonarku albarka, ya kare ta daga ƙanƙara da fari, ya kuma saka wa 'yarku da alheri.

Naku da girmamawa,
wani mazaunin Mannheim, ɗan asalin Zariya.